JIKI A KAN DARDUMA, ZUCIYA A KASUWA

Godiya ta tabbata ga Allah (SWT) da Ya ara mana rai da lafiya, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yar'uwa, zan fara da wata 'yar tambaya, amma ba ni za ki bai wa amsa ba, kanki za ki bai wa. Sallar La'asar ta jiya, wace sura kika karanta bayan Fatiha a raka'ar farko? Idan kin tuna nan take, to madalla, Allah Ya ƙara miki. Idan kuwa sai da kika yi shiru kina laluben amsa, to ki gyara zama, domin da ni da ke ake wannan magana.

Duk mun san yadda abin yake. Kin yi kabbara ke nan sai tukunyar da ke kan wuta ta faɗo miki a rai. Daga tukunya sai kuɗin makarantar yara, daga nan sai ankon bikin da aka fitar, sai kuma baƙar maganar da ƙanwar maigida ta yaɓa miki a gidan suna makon jiya, har kina tsara amsar da ya kamata a ce kin ba ta. Kafin ki ankara kin kai zaman tahiya, ba ki san uku kika yi ko huɗu ba. Ƙabli da ba'adi sun zama abokan kullum. Ni ma ban cire kaina ba. Akwai ranar da na zuba wa miyar kuka gishiri sau biyu, saboda hannuna na cikin madafi, hankalina kuwa yana asibiti wurin wata gwaggona da ke kwance. Ranar dai haƙuri aka yi aka ci tuwon, gwaggon kuma tunanina bai rage mata ciwo ko kaɗan ba. Biyu babu ke nan.

Wannan hali na rabuwar jiki da zuciya shi nake so mu tattauna a kansa, tare da tambayar da ke biye da shi. Shin daidai ne mace mai iyali, wadda nauyin gida ke wuyanta, ta ajiye tunanin jiya da na gobe ta tsaya a kan yau? Ko kuwa wannan sakaci ne aka yi wa ado?

Yawon zuciya da wahalar jiki

A shekarar 2010 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Harvard da ke Amurka, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, suka fitar da sakamakon wani bincike a mujallar Science. Sun bi mutum 2,250 ta wayar salula. Lokaci-lokaci wayar kan yi ƙara ta tambayi mai ita abin da yake yi a wannan lokacin, da ko hankalinsa na kan abin ko yana wani wuri, da kuma yadda yake jin ransa. Sai aka tarar kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan da aka tambaye su, hankalinsu ba ya kan abin da suke yi. Wato kusan rabin rayuwar mutum ta ido biyu yana yin ta ne ba ya nan. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, mutanen sun fi rashin walwala a lokacin da zuciyarsu ke yawo, kuma ko da tunanin mai daɗi ne, bai sa sun fi jin daɗi a kan lokacin da suka tattara hankalinsu ga aikin da ke gabansu ba.

Likitoci kuma sun yi mana bayanin abin da ke faruwa a jiki. Idan kika shiga ɗakin girki kika ga maciji, nan take ƙwaƙwalwa za ta aika saƙo ga wasu 'yan ƙananan halittu da ke zaune a saman ƙodojinki, su kuma su saki sinadaran da ake kira adiranalin da kotizol a cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sama-sama, tsokoki su ɗaure, narkar da abinci ya dakata. Wannan rahama ce daga Allah, domin da shi ne za ki sunkuci yaro ki yi waje kafin ki yi wani tunani. Matsalar ita ce jiki ba ya tantance macijin gaske da na cikin rai. Kina kwance a gadonki da tsakar dare, ƙofa a kulle, kina saƙa yadda za a yi idan maigida ya ƙara aure ko idan mai gidan haya ya ƙara kuɗi, jikin sai ya yi ta shirin gudu alhali ba inda za ki. Idan abin ya zama na yau da gobe, sai ki ji wuya ya sage, kai na sara, barci ya ƙaurace, ciki ya ƙi daɗi, abu kaɗan ki hau yara da faɗa. Damuwa mai daɗewa tana cikin abubuwan da ke taimaka wa hawan jini, ciwon da ya yi yawa a cikinmu mata, har da masu ƙananan shekaru.

Abin da Turawa suka gano

A shekarar 1979 wani masanin kimiyya Ba'amurke mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri a asibitin Jami'ar Massachusetts domin marasa lafiyar da suka daɗe suna fama da ciwo ko damuwa. Shirin na mako 8 ne, ana haɗuwa sau ɗaya a mako, sannan kowa ya yi atisaye na kimanin minti 45 kullum a gida. Abin da ake koya musu, idan aka fassara shi da Hausa, shi ne halartar da zuciya, wato mutum ya ajiye hankalinsa da gangan a kan abin da yake ciki yanzu, ba tare da yana yanke wa kansa hukunci ba. A zaman farko akan bai wa kowa ƙwayar zabibi guda ɗaya, a ce ya dube ta, ya shinshina, ya tauna a hankali kamar bai taɓa cin zabibi ba. Ana koya musu bin numfashinsu, da sauraron gaɓoɓin jikinsu daga yatsun ƙafa har zuwa ka. Daga baya wasu masana suka haɗa wannan hanya da dabarun jinyar ciwon damuwa, kuma a 2004 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta amince da ita ga mutanen da ciwon ya sha dawo musu.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Kabat-Zinn ya samo tushen wannan abu ne daga mabiya addinin Buddha na ƙasashen Asiya, ya cire masa kayan addinin ya kai shi asibiti. Saboda haka Musulma sai ta buɗe ido, musamman yanzu da darussan suka cika waya. Duk inda aka ce ki maimaita wasu kalmomi da ba ki san ma'anarsu ba, ko ki zauna gaban gunki, ko aka shigo da wata aƙida game da rai da halitta, to nan ba wurinki ba ne. Amma jan numfashi a hankali da tattara tunani wuri ɗaya, wannan sha'anin jiki ne, kamar motsa jiki ko shan zogale. Ba ibada ba ne, ba a neman lada da shi a karan kansa. Inda kika yi shakka kuma, ga malamai nan, sai ki tambaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muke da taska a ɗaka muna leƙen ta maƙwabta. Duk wadda ta karanta Ahalari a islamiyya ta san natsuwa da daidaito suna cikin farillan sallah. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya shiga masallaci ya yi sallah da gaggawa, Manzon Allah (SAW) ya mayar da shi ya sake har sau uku, sannan ya koya masa ya riƙa tsayawa gaɓoɓinsa su natsu a ruku'u da ɗagowa da sujada da zama. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Ammar bin Yasir (RA) cewa mutum kan idar da sallah ba a rubuta masa komai ba sai ɗaya bisa goma ɗinta, wani ɗaya bisa tara, haka har zuwa rabi. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya yi dogon bayani a kan halartar zuciya a cikin Ihya'u, ya ɗauke ta a matsayin ruhin sallah. Bambancin namu da nasu a fili yake. Su suna tattara hankali ne don su samu sauƙi. Mu kuwa muna tattara shi ne domin muna tsaye gaban Wanda yake ganinmu, sauƙin kuma sai ya biyo baya a matsayin gyara.

Shin ba sakaci ba ne?

Wata ƙawata da muka yi wannan hira da ita ta dube ni ta yi dariya, ta ce, "Haba Yaya, wannan ai maganar masu ƙoshi ce. Ni da nake da yara shida, albashin malam ba ya kai mu tsakiyar wata, ki ce kada in yi tunanin gobe? In ban yi ba wa zai yi mini?"

Wallahi maganarta abin dubawa ce, ban kuma raina ta ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya a 2023 kowa ya ga yadda kuɗin cefane ya koma, kuma uwargida ce ke tsayawa gaban tukunya ta san yadda za ta raba abin da bai isa ba. Addininmu bai taɓa cewa a yi watsi da gobe ba. Annabi Yusufa (AS) ya tsara wa mutanen Masar tanadin hatsi na shekara 7 domin shekara 7 na fari. Ya tabbata a cikin Buhari cewa Manzon Allah (SAW) yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta tukuna. Tun ran gini ake zane, in ji masu iya magana.

To amma akwai shiri, akwai kuma zullumi, kuma sau da yawa muna rikita su. Shiri yana da farko yana da ƙarshe, yana kuma haifar da aiki. Kin zauna kin lissafa kuɗin makaranta, kin ga saura wata biyu, kin yanke shawarar shiga adashi, ko ƙara yawan ƙosan da kike sayarwa, ko zama da maigida ranar Juma'a ku yi magana. Kin tashi da abin yi a hannu. Shi kuwa zullumi zagaye yake yi kamar akuyar da aka ɗaure a turke, ta yi ta kewayawa har igiya ta shaƙe ta, ba ta je ko'ina ba. Tunanin da kika yi da safe shi za ki yi da rana, shi za ki kwana da shi, kobo bai ƙaru a jakarki ba, sai ciwon kai. Ga ma'auni mai sauƙi. Idan tunani ya zo miki, ki tambayi kanki, akwai abin da zan iya yi a kan wannan yau? In akwai, ki tashi ki yi, ko ki sa masa lokaci. In babu, to kin ɗaure raƙumarki ke nan, saura tawakkali. Ci gaba da riƙe igiyar bayan an ɗaure ba ya ƙara wa raƙuma tsaro.

Haka na ce wa ƙawata, mai yara shida ta fi kowa buƙatar wannan, domin ƙarfinta ƙididdigagge ne. In ta ƙarar da shi a kan gobe da ba ta zo ba, da me za ta ɗauki yau da ta riga ta iso?

Sai kuma jiya. Mu mata, Allah Ya yafe mana, mun iya ajiyar magana. Abin da uwar miji ta faɗa shekara biyar da suka wuce, da abin da kishiya ta yi ranar sallah, muna dawo da su muna tuƙa kamar yadda tunkiya ke tuƙar abin da ta ci tun safe. Wadda ta faɗi maganar sau ɗaya ta faɗa, wataƙila ma ta manta, ke kuwa kin maimaita wa kanki sau ɗari. Wa ya fi cutar da ke a nan? Idan kuma laifin naki ne, to ƙofar tuba a buɗe take, sharuɗɗanta sanannu ne: ki bari, ki yi nadama, ki ƙudura ba za ki koma ba, ki mayar da haƙƙin mai haƙƙi. Kin ga ita ma tuba aiki ce mai ƙarshe. Cizon yatsa mara iyaka kuwa ba tuba ba ne. Manzon Allah (SAW) ya gargaɗe mu a kan yawan cewa da na yi kaza da kaza ya faru, domin ƙofa ce ta Shaiɗan. Bahaushe ma ya ce da na sani ƙeya ce, a baya take.

Wata za ta ce, to ai Musulma gobe ƙiyama take yi wa aiki, ta yaya za a ce ta zauna a yau? Amsa ita ce guzurin lahira ba a haɗa shi a ko'ina sai a cikin wannan sa'a da kike ciki. Ba za ki iya yin sallar jiya da khushu'i yanzu ba, ta wuce yadda ta wuce. Ba za ki iya yi wa ɗanki murmushin gobe ba, don ba ki da tabbacin za ki gan ta. Abin da ke hannunki shi ne raka'ar nan, da yaron nan da ke jan zanenki, da lomar nan. Kuma kada a rikita wannan da halin 'yan a ci yau gobe oho. Wadda ta shafe awa uku tana murza waya daga TikTok zuwa WhatsApp, tuwo na ƙonewa, ita ma ta manta da gobe, amma fa ba ta cikin yau ɗin ma. Wannan sunansa gafala, kuma shi ne kishiyar abin da muke magana a kai.

Inda natsuwa ba ta isa ba

Akwai wani abu da nake jin tsoro, shi ne a ɗauki irin wannan magana a mayar da ita murfin rufe bakin wadda ake zalunta. Mace ta zo da kuka, miji ba ya ciyarwa ko yana dukanta, sai a ce mata ki yi haƙuri, ki natsu, ki daina yawan tunani. A'a. Ruwa ba ya tsami banza. Wata damuwar ƙararrawa ce da ke sanar da ke akwai abin da ya lalace, kuma maganinta a gyara abin. Khaulatu bint Sa'alaba (RA) ta kai ƙarar mijinta ga Manzon Allah (SAW), ta yi ta maimaita kukanta, har Allah (SWT) Ya saukar da farkon Suratul Mujadala a kan lamarinta. Hindu bint Utba (RA) ta kai kukan rowar mijinta, ba a ce mata ta je ta yi shiru ba, an ba ta mafita. Amfanin natsuwa a irin wannan wuri shi ne ta sa ki yi magana da hankali a inda ya dace, gaban waliyyi ko manya ko alƙali, maimakon ki haɗiye har ya zame miki ciwo, ko ki fashe a kan yaran da ba su ji ba ba su gani ba.

Haka nan akwai damuwar da ta zama cuta. Idan baƙin ciki ya lulluɓe mace mako biyu ko fiye, ba ta jin daɗin komai, barci da cin abinci sun rikice, tana kuka ba dalili, musamman bayan haihuwa, ko kuma tana jin gara ta mutu, to a kai ta asibiti, a haɗa da addu'a. Wannan ba raunin imani ba ne, ciwo ne kamar zazzaɓi, yana da magani. Mai hawan jini kuma kada ta ajiye ƙwayoyinta don ta fara jin sanyi a ranta, sai da izinin likita.

Abin da za ki iya farawa yau

Na farko, alwala. Yawancinmu muna yin ta ne kamar ana korar mu. Gwada sau ɗaya a rana ki yi ta a tsanake, ki ji sanyin ruwan a tafin hannunki, ki lura da shi yana bin fuskarki da damatsanki, kina tuna cewa zunubai na zuba tare da shi. Minti biyu ne kacal ya ƙaru, amma za ki isa darduma da wata zuciya daban.

Na biyu, ki kawar da abin da zai ɗauke miki hankali tun kafin kabbara. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin wata riga mai zane da Manzon Allah (SAW) ya yi sallah da ita, da ya idar sai ya sa aka mayar wa Abu Jahm aka karɓo mara zane, domin zanen ya ɗauki hankalinsa. Idan shi ya yi haka, ina ga ni da ke? Ki rage wutar girki ko ki sauke tukunyar, ki bar waya a wani ɗaki, in yunwa na cinki kuma abinci ya sauka ki fara ci, haka sunna ta koyar. Ki sauya surorin da kike karantawa, domin harshe in ya saba da abu ɗaya yakan tafi shi kaɗai ya bar zuciya a baya. Mai goyo kuma kada ta karaya, Manzon Allah (SAW) ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama.

Na uku, numfashi. Baligi a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Idan ranki ya ɓaci ko gabanki na faɗuwa, ki zauna, ki ja iska ta hanci kina ƙirga huɗu, ki bar cikinki ya taso, sannan ki sake ta a hankali kina ƙirga shida. Ki yi haka kamar sau goma. Sakin numfashi a hankali yana rage saurin bugun zuciya, ta hanyar wata jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta ƙirji zuwa ciki. Ki haɗa da abin da aka koya mana game da fushi, wato neman tsari daga Shaiɗan, da yin shiru, da zama in kina tsaye, da kishingiɗa in kina zaune. Sau nawa kalma ɗaya da aka furta cikin zafin rai ta kashe auren shekara ashirin?

Na huɗu, abu ɗaya a lokaci ɗaya, gwargwadon iko. Na san aikin gida ba ya bin layi, amma taura biyu ba ta taunuwa. Ki zaɓi aiki guda a rana, ko tsintar wake, ko wanke-wanke, ko ninke kaya, ki yi shi ba waya ba rediyo, hankalinki na kan hannunki, bakinki na ambaton Allah. Ina tuna kakata idan ta zauna da mazari tana kaɗi, sai ka rantse babu abin da ke duniya sai ita da zaren nan. Ba ta taɓa jin sunan wani Bature mai bincike ba, amma ban taɓa ganin mai kwanciyar rai irinta ba. Idan za ki ci dabino, ki ci shi kin san dabino kike ci. Bisimilla a farko da hamdala a ƙarshe, da shan ruwa a zaune cikin numfashi uku, duk suna dawo da hankali kan ni'imar da ke hannu.

Na biyar, sauraro. Yaro ya dawo daga makaranta yana ba ki labari, idonki na kan waya kina cewa "uhm, uhm". Yara sun san bambanci, wallahi sun sani. Ranar da ya girma ya daina ba ki labari, sai ki ce ya cika zurfin ciki. An siffanta Manzon Allah (SAW) da cewa idan zai juya ga mutum yakan juyo ne gaba ɗayansa. Ki ba ɗanki minti biyar cikakku, ki ba maigida irinsu idan ya shigo, shi ma in Allah Ya sa ya karanta wannan shafi, to ya ajiye tasa wayar.

Na shida, lokacin kwanciya. Nana Faɗima (RA) dutsen niƙa ya yi wa hannunta kanta, ta je neman mai taya ta aiki wurin mahaifinta ba ta same shi ba. Da dare ya zo ya same su ita da Sayyadina Aliyu (RA) sun kwanta, ya zauna a tsakaninsu, ya koya musu tasbihi 33 da hamdala 33 da kabbara 34 idan za su yi barci, ya shaida musu wannan ya fi musu mai aiki alheri. Sayyadina Aliyu ya ce bai taɓa barin sa ba, har a daren yaƙin Siffin. Wannan ba hujja ba ce ta a bar mace da aiki ita kaɗai, domin shi kansa Manzon Allah (SAW) yana taya iyalinsa aikin gida. Darasin shi ne gajiya iri biyu ce, ta jiki da ta zuciya, kuma kowace da maganinta. Kafin ki fara tasbihin, ki ɗauki takarda ki rubuta abubuwan da ke jiran ki gobe, ko ki lissafa su a ranki sau ɗaya ki rufe. Sannan ki ƙirga ɗarin nan da yatsunki a hankali, kina jin kowace kalma.

Idan zuciya ta sake gudu

Za ta gudu, wannan babu makawa. Za ki yi kabbara da kyakkyawar niyya, kafin ki kai ƙarshen Fatiha ta tafi kasuwa. Kada ki zagi kanki, kada kuma ki ce ni ba zan iya ba. Ki kamo ta a hankali ki dawo da ita, kamar yadda kike dawo da yaro mai rarrafe duk lokacin da ya nufi murhu, ba duka ba tsawa, ko sau ashirin ne. Dawo da itan shi ne aikin. Hanzala (RA), sahabi ne kuma marubucin wahayi, ya taɓa zargin kansa da munafunci saboda idan ya bar majalisin Manzon Allah (SAW) ya koma cikin mata da yara da gona, sai ya ji halin da yake ciki ya sauya. Sayyadina Abubakar (RA) ya ce shi ma haka yake ji. Da suka kai maganar, sai aka kwantar musu da hankali cewa ɗan Adam haka yake, kowane abu da lokacinsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Saboda haka 'yar'uwa, ba na ce ki gyara komai a yini ɗaya ba. Ki ɗauki sallah ɗaya, wadda ke tafe yanzu bayan kin ajiye wannan mujalla. Ki sauke tukunya, ki yi alwala a tsanake, ki tsaya ki ja numfashi, ki san gaban Wa kika tsaya. Kuɗin makaranta da ankon biki da maganar ƙanwar maigida duk za su jira ki, ba inda za su. Idan kin idar, ki tambayi kanki surar da kika karanta.

Allah Ya ba mu natsuwa a sallolinmu da gidajenmu, Ya yaye mana damuwar jiya da fargabar gobe, Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu cika da imani. Amin summa amin.